Tambaya da Amsa: Yadda Markaɗaɗɗiyar Gyaɗa Za Ta Yi Auki Ba Tare da Ta Ƙara Ƙiba Ba

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan gyaɗa, wadda mu nan Maradi muka fi kira gujiya, musamman markaɗaɗɗiyarta da wasu ke ce wa tigadige. Duk inda muka ce "cokali" a amsoshin nan, cokalin cin abinci muke nufi, wanda aka cika aka shafe bakinsa da wuƙa ya yi daidai. Irin wannan cokali yana ɗaukar gram 16 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kuma kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 95 ne a cikinsa.

Tambaya: Likita ya ce in rage ƙiba saboda gwiwoyina da hawan jini. Gidanmu mutum shida ne, kuma miyar gyaɗa muke yi sau uku ko huɗu a mako. Wata maƙwabciyata ta ce sai dai in bar gyaɗa ɗungurungum. Maigida kuma ba ya son tuwo da wata miya. Yaya zan yi?
*Wata uwargida, unguwar Zariya, Maradi*

Amsa: Hajiya, kada ki bar gyaɗa. Abin da za ki bari shi ne ɗebo ta da ido, da kuma zuba mai a tukunyar da gyaɗa ta riga ta shiga.

Ga dalili. Rabin nauyin gyaɗa mai ne. A gram 100 na markaɗaɗɗiya akwai mai kusan gram 50, da furotin mai gina jiki kusan gram 25, jimillar kalori kuwa wajen 590. Babbar mace mai aikin gida tana buƙatar kalori kimanin 2,000 a yini, wadda ke son rage jiki kuma ƙasa da haka. To duba tukunyar da aka saba ɗorawa a gidan mutum shida. A soya albasa da tumatir da mai ludayi guda, mu ce mililita 100, kalori 820 ke nan. A kawo gyaɗa rubu'in kilo, wato cokali 16, kalori 1,500 da ɗoriya. Kafin nama ya shiga, kafin a tuƙa tuwo, kowane mutum yana da kalori kusan 390 a miya kaɗai. Kuma galibi ba a san an kai nan ba, domin cokalin da aka tsoma cikin roba aka ɗago shi da tozo yana ɗauke da ninki biyu na shafaffen cokali.

Tukunyar da muke ba ki shawara ita ce wannan: gyaɗa cokali 8, kabewa gram 400 (yanka biyu manya), ba mai ko ɗigo. Kabewar nan duka kalori kusan 100 ne a cikinta. Rabon kowane mutum ya dawo wajen 145. An rage kusan 240 daga kwanon kowa, miya kuma ba ta tsinke ba, domin kaurin da gyaɗa cokali takwas ɗin da aka cire za su bayar, kabewa ta bayar da shi. Wannan ba sabon abu ba ne, miyar taushe da kabewa da gyaɗa aka san ta tun kaka da kakanni. Sauyin kawai shi ne a ba kabewa babban rabo.

Yadda za ki haɗa: ki feraye kabewa ki yanka ƙanana, ki dafa ta cikin ruwan nama tare da albasa, tumatir, tattasai da daddawa har ta yi lugub, sannan ki burge ta da maburgi. A gefe ki dama gyaɗar da ruwan ɗumi a kwano har ta zama kamar koko mai kauri, ba gudaji. Kada ki jefa ta a tukunya dunƙule, za ta zauna a gindi ta kama ta ƙone, ɗacin ya bi miyar duka. Ki zuba damammiyar, ki rage wuta, ki bar ta tana ɓararraka a hankali minti 20 zuwa 30, kina juyawa har ƙasa. Alamar ta nuna ita ce ki ga ƙananan idanun mai ja-ja sun taso a saman miya, gefen tukunya ya yi zobe. Man gyaɗar ne da kansa ya fito. Wanda ya leƙa tukunya a lokacin ba zai ce ba a sa mai ba. Ganye, alayyahu ko yakuwa ko zogale, a ƙarshe yake shiga. Idan kin sauke kafin idanun nan su taso, miyar za ta yi gafi, sai a ɗauka ƙarancin gyaɗa ne, alhali rashin nuna ne.

Idan maigida ya saba da ƙamshin soyayyiyar albasa, ki tsiyayi cokali ɗaya daga man da ya kwanta a saman robar gyaɗar ki soya da shi. Daga jikin gyaɗar ya fito, don haka ba wani ƙari mai yawa kika yi ba. Wata dabarar kuma a wurin suya take: gyaɗar da aka soya ta yi ja sosai, ba ƙonewa ba, ta fi wadda aka ɗan gasa sama-sama ƙamshi nesa ba kusa ba, cokali takwas nata sai ya yi aikin sha biyu a baki.

Kada ki saukar da gyaɗar daga 16 zuwa 8 rana ɗaya. Ki fara cire man, ki yi mako guda. Sannan 12, sannan 10, sannan 8. Harshe yana sabawa idan ba a yi masa fyaɗen ƴan kaɗanya ba. Tunda kuma akwai hawan jini, ki lura da hannunki wajen gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin an fi ƙara su a ranar da aka ji miya ta sauya. Daddawa da ɗan tsamin yakuwa su ne ya kamata su cike wannan gurbin.

Tambaya: Na gwada zuba ruwa kaɗan cikin tigadige don ya yi yawa in shafa a burodi, sai ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙullin fura, mai yana tsatstsafowa. Na ɗauka an sayar mini da gurɓatacce ne.
*Wata ɗaliba, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo*

Amsa: Ƴata, gyaɗarki lafiya lau take. Abin da kika gani shi ne ainihin abin da masu ƙuli-ƙuli ke nema da gangan idan za su fitar da mai. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa busasshen gari ne da ke iyo cikin mai. Idan ruwa kaɗan ya shiga, garin ya jiƙe ya manne wa juna, ya matso man waje. Kin tsaya ne a tsakiyar hanya.

Ki ci gaba. Cokali ɗaya na gyaɗa, ruwan ɗumi ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ki juya da ƙarfi. Zai dunƙule. Ƙara na biyu, zai yi kamar ya lalace, ya rabu gida biyu. Daga na uku zuwa na huɗu sai ki ga ya saki, launinsa ya yi haske, ya koma sumul kamar kindirmo mai kauri, man da ya fito ya koma ciki. A nan cokali ɗaya ya zama biyu da ɗan ƙari, kuma kowane cokali bai kai kalori 50 ba. Ruwan sanyi ma yana yi, amma ya fi wahalar da hannu. Ɗan gishiri kaɗan a bakin yatsa yana dawo da ɗanɗanon da ruwa ya rage.

Idan kina son abin da zai riƙe ki har azahar, wake ya fi ruwa. Ki dafa farin wake da aka surfa aka cire ɓawon har ya yi laushi ƙwarai, ba kanwa mai yawa, ki tsane shi, ki murƙushe da bayan cokali tun da zafinsa. Gyaɗa cokali 2, wake cokali 4, ruwan ɗumi cokali 2. Kin sami cokali 8 a kan kalori kusan 260, wato kowane cokali 30 da ƴan kai. Farin wake ba ya da ƙarfin ɗanɗano, gyaɗa tana rufe shi. Idan waken ya huce kafin ki murƙushe, zai yi tsaki-tsaki, ba zai haɗu ba. Kindirmo ma yana yi: cokali 2 a kan gyaɗa cokali 1, kowane cokali wajen kalori 40, amma tsaminsa ya fi dacewa da ayaba ko yankakken karas fiye da burodi.

Abu biyu za ki riƙe. Na farko, kalorin gyaɗar bai tafi ko'ina ba, baje shi kika yi. Idan kika shafe cokali takwas ɗin nan a zama ɗaya, kin ci 260, fiye da 190 ɗin da ke cikin gyaɗa cokali biyu tsura. An gudu ba a tsira ba ke nan. Haɗin nan na karin kumallo biyu ne ko na mutum biyu. Burodin kansa ma a lissafa shi, domin gram 100 nasa ya haura kalori 250.

Na biyu ya fi muhimmanci. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa tana yin watanni ba ta lalace ba saboda babu ruwa a cikinta, ƙwayoyin cuta ba sa samun abin rayuwa. Da zarar ruwa ko wake ko nono ya shiga, ta zama kamar dafaffen abinci. Kada ki taɓa haɗawa cikin babbar kwalba. Ki ɗebi na ci ɗaya da busasshen cokali, ki haɗa a wani kwano. In akwai firigo kuma wuta ta zauna, kwana biyu, iyaka uku. In babu, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ma'aunin zafi ke haura 40, wanda aka haɗa da safe kada ya ga la'asar.

Tambaya: Idan na tsiyaye man da ke taruwa a saman roba na zubar, sauran ya zama marar sa ƙiba?
*Wani ma'aikaci, Ali Ɗan Sofo*

Amsa: Malam, ragin bai kai yadda kake zato ba. Mu ce robar rabin kilo ce, kalori 2,950. Ka tsiyaye mai cokali huɗu, kalori kusan 490 sun fita. Abin da ya saura gram 445 ne ɗauke da 2,460, wato 550 a kowane gram 100 maimakon 590. Ga shi kuma na ƙasan zai bushe ya yi tauri, ya ƙi shafuwa, sai ka riƙa ɗora shi da kauri. Kada ka zubar da man, mai ne mai kyau. A ba uwargida ta yi girki da shi a madadin wanda za ta saya, amma ka san in a tukunyar gidanka ya shiga, cikinka zai dawo. Wanda ke son ragi na gaske, amsar da ke biye tasa ce.

Tambaya: Sana'ata ƙuli-ƙuli da mai. Wasu mata masu son rage jiki sun fara tambayata tunkuza, wai ta fi tigadige sauƙi. Gaskiya ne? Kuma ƙuli-ƙulin fa, ba shi ne ya fi ba tunda an soya shi ya bushe?
*Wata mai sana'a, Tibiri*

Amsa: Inna, matan nan suna da gaskiya, kuma akwai kasuwa a nan idan kika gyara abin. A ƙasashen waje ana sayar da garin gyaɗar da inji ya matse yawancin manta, a dama da ruwa a shafa a burodi, da tsada kuwa. Tunkuzarki ƴar'uwarsa ce, sai dai hannu ba ya matsewa kamar inji.

Mu yi lissafi da kilo ɗaya na markaɗaɗɗiya: kalori 5,900, mai gram 500. Idan kika juya da ruwan zafi kika fitar da mai gram 300, wato kusan sulusin lita, kalori 2,700 sun bi man. Abin da ya rage, in an cire ruwan da kika zuba, gram 700 ne mai kalori 3,200, kusan 460 a gram 100. Furotin kuwa bai bi mai ba, duk yana nan, don haka ya tashi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa wajen 35. Ki lura, 460 ba ƙaramin abu ba ne, kada a ce wa mata su ci iya cinsu. Ribar tunkuza ta fi fitowa a wurin damawa: garinta yana shan ruwa da yawa, cokali ɗaya na gari sai ya ba da kaurin da markaɗaɗɗiya cokali biyu za ta bayar a miya ko a kwaɗo.

Ƙuli-ƙuli kuwa, bushewarsa ta ruwa ce, ba ta mai ba. Kin matse mai da guminki, sannan kin mayar da tunkuzar cikin tafasasshen mai, ruwa ya fita, wani man ya koma. Ki ɗora ƙuli ɗaya a kan takarda ki dawo bayan awa guda ki ga tabon da ya bari. Ga gishiri, wasu har da sukari. Kuma abu ne da baki ba ya gajiya da shi, ana hira ana tauna har leda ta ƙare.

Ga yadda za ki mayar da tunkuza gari ba tare da suya ba. Ki matse ta iyakar ƙarfinki, in da hali ki ƙulle ta a tsumma mai tsabta ki ɗora dutse na awa ɗaya ko biyu. Ki marmashe ta ƙanana kamar tsakin dambu. Ki zuba a busasshen kasko a kan garwashi marar ƙarfi, kina juyawa ba tsayawa, har tururi ya daina tashi, ki ji tana ƙara kamar yashi a ƙarƙashin cokali. Wuta mai ƙarfi tana ƙona waje ta bar ciki da danshi, kuma wannan danshin ne ke kawo fumfuna bayan kwana kaɗan. Ki baje a faranti ta huce sarai, ki daka, ki tankaɗe. Kada ki ɗura da ɗumi, zufa za ta kwanta a jikin kwalba. Ki gwada: ki damƙi garin a tafin hannu ki saki. In ya warwatse, ya bushe. In ya tsaya dunƙule da shatin yatsu, a mayar kasko. Ɗanyar tunkuza, wadda ba a busar ba, kada ki sayar wa wadda za ta ajiye, domin da ruwa a jikinta.

Ki gaya wa masu saye: gari cokali 2, ruwan ɗumi cokali 2 zuwa 3, ɗan gishiri, a bar shi minti biyar ya jiƙa kafin a ƙara ruwa. A kwaɗon zogale ko na rama kuwa, a barbaɗa garin nan a madadin dakakken ƙuli, a bar man da ake yaryaɗawa a kai ko a tsaya a ƙaramin cokali ɗaya. Yawancin nauyin kwaɗo daga wannan man yake, ba daga ganye ba.

Tambaya: Ina da ciwon sukari. An ce kunun gyaɗa ne ya fi dacewa da ni wajen buɗa baki da azumi, wasu kuma sun ce gyaɗa tana tayar da sukari.
*Wani dattijo, Tasawa*

Amsa: Baba, gyaɗa ita kaɗai ba ta tayar da sukarin jini da sauri, domin mai da furotin sun rinjayi sitaci a cikinta. Abin da ke tayar da shi a kunun gyaɗa shinkafar ce ko gasarar da aka ɗaure kunun da ita, da sukarin da aka zuba. Kowane ƙaramin cokalin sukari gram 4 ne, kuma da wuya a tsaya a biyu. Zuma da dabino ma sukari ne a wurin jini.

A yi maka naka daban: ruwan gyaɗa ya fi yawa, shinkafar ta zama rabin yadda aka saba, tsamiya ta ji sosai, ba sukari. Kofi ɗaya matsakaici, ba kwanon sha ba, kuma bayan ka ci wani abu mai ganye ko wake. In kana da na'urar gwaji, ka duba awa biyu bayan sha, ita za ta gaya maka gaskiyar jikinka fiye da maganar kowa. Batun ko za ka yi azumi da yadda za a sauya lokutan magani, wannan na likitanka ne, kuma a yi maganar kafin wata ya kama.

Tambaya: Idan na koma riɗi ko aya fa?
*Wata matashiya, Madarunfa*

Amsa: Markaɗaɗɗen riɗi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa kusan kunnen doki suke a kalori, duka wajen 590 a gram 100, don haka sauyin ba zai rage miki komai ba, ko da yake riɗi ya fi ƙarfin ƙamshi, kaɗan yana isa. Aya, wadda jiharmu ta yi fice wajen nomanta, ba ta kai su mai ba, kuma tana da dusa mai yawa da ke cika ciki. A tauna ta haka nan ta fi kunun aya da aka tace aka cika da dabino da sukari. Haka ma gyaɗa: tauna ta ɗaiɗai, musamman mai ɓawo da sai an ɓare, ta fi markaɗaɗɗiya ƙosarwa, kuma ba duk man da ke cikin ƙwayar da aka tauna jiki ke tsotsewa ba. Cikin tafin hannu ɗaya, gram 30, kalori 170.

Tambaya: Don gyaɗa ta yi mana auki, nakan sayi ta ƙasan buhu, karyayyu da ƙanana, tunda markaɗawa za a yi kuma ta fi araha. Akwai laifi?
*Wata uwargida, Gidan Rumji*

Amsa: Ƴar'uwa, akwai, kuma wannan tattalin muna roƙonki ki bar shi. Karyayyun ƙwayoyi, da masu yamushewa, da waɗanda ƙwari suka huda, da masu baƙi ko kore-kore a ciki, su ne gidan wata fumfuna da ke fitar da guba mai suna afalatoksin. Tana kama gyaɗa tun a gona idan ruwa ya ɗauke kafin ta ƙosa, ko a rumbu idan an adana ta da danshi. Gubar ba ta kashewa nan take a yawan da aka saba ci, a hankali take cin hanta, kuma tana cikin sanannun abubuwan da ke kawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu. Suya ba ta gamawa da ita, tafasa ma haka. Idan aka markaɗa kuma, ƙwaya ƙalilan marasa kyau sun gauraye da kilo guda, ido ba zai ƙara ganinsu ba.

Gara ki sayi tiya ɗaya mai kyau ki yi mata dabarun da muka faɗa a sama, da ki sayi biyu na ƙasan buhu. Ki baje a faifai da rana tsaka ki tsince. Bayan suya, idan kin murje jan ɓawon kin sheƙe, ki sake tsincewa, domin a nan ne tabon da ɓawo ya ɓoye ke bayyana: ƙwaya mai kyau fara ce ko ruwan zuma bai ɗaya, marar kyau tana da ɗigon baƙi ko ta yi duhu a tsakiya. Wadda aka tsince kada a ba awaki masu nono ko kaji, a binne ta. In kin ci gyaɗa kin ji ɗaci, tofar, kada ki haɗiye. Wadda za ki saya a markaɗe kuwa, ki saya wurin wadda kika san tana tsincewa. Mai sana'ar da ta yi tambaya daga Tibiri, wannan ya shafe ki ninki biyu, domin yawancin gubar a tunkuza take zama, ba ta bin mai sosai.

A injin markaɗe, ki tabbata ba a bi da jiƙaƙƙen wake ko tumatir kafin taki ba. Ruwan da ya saura a bakin inji ya isa ya sa gyaɗar wata guda ta yi tsami cikin mako.

Tambaya: Ni ce mai rage jiki, amma tukunya ɗaya muke ci da ƴaƴana, ƙaramin wata goma sha huɗu, kuma kishiyata tana da juna biyu. In rage gyaɗar ga kowa?
*Wata uwa, unguwar Bagalam*

Amsa: A'a, Maman yara. Wannan ita ce tambayar da ta fi damunmu cikin duk wasiƙun. Abin da ya sa gyaɗa ke ƙara miki ƙiba, wato ƙarfi mai yawa cikin ɗan ƙaramin abu, shi ne ainihin abin da ɗan wata goma sha huɗu ke buƙata. Cikinsa ƙarami ne, kunu tsararo yana cika shi ba tare da ya ba shi abin girma ba. Mutanen Maradi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tun yunwar 2005 kowa ya san ƴar ledar Plumpy'Nut da ake ba yara masu tamowa a cibiyoyin lafiya. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari da sinadaran bitamin, gram 92 kacal, amma kalori 500. An yi ta haka da gangan. Magani ce ta yaron da aka rubuta wa, ba abin lasa na manya ko na yayyensa ba.

Ki yi miyar yadda muka faɗa wa uwargidan Zariya, mai kabewa da gyaɗa cokali takwas. Idan ta nuna, ki ɗebi naki da na sauran manyan da ke son ragi. A abin da ya saura ki dama gyaɗa cokali uku ko huɗu da ruwan zafi ki ƙara, ta ƙara tafasa minti goma, wannan na yara ne da mai juna biyu da mai shayarwa. A kunun ƙaramin kuma ki dama shafaffen cokali ɗaya kowace safiya, ya narke sarai. Kada ki ba shi markaɗaɗɗiya da kaurinta a cokali, tana manne wa maƙogwaro, kuma ƙwayar gyaɗa ɗai-ɗai ba ta yaron da bai kai shekara biyar ba ce, tana iya faɗawa hanyar numfashi. Idan bai taɓa cin gyaɗa ba, ki fara da ɗan kaɗan da safe, lokacin da za ki iya sa masa ido. In kika ga leɓe ko fuska sun kumbura, ko ƙuraje sun feso, ko amai, ko numfashi yana fita da ƙara, ki kai shi likita nan take, kada ki jira yamma.